In akwai mai kwashe shara, ta ina memori ke yoyo? Tambaya kan WeakReference

Sabon_Mai_Kod
Assalamu alaikum 'yan uwa. An koya mana cewa a Java da Kotlin ba ruwan mutum da sakin memori da hannu irin na C, akwai mai kwashe shara (garbage collector) da ke bi yana tattare duk abin da aka gama amfani da shi. To ga shi ina rubuta manhajar Android ta lissafin shago, a waya mai RAM 2GB in aka yi ta shiga shafin kaya ana fita, ana juya wayar, can sai ta mutu da OutOfMemoryError, wato memori ya ƙare mata. Abokin aikina ya ce in naɗe Activity ɗin, wato shafin manhajar, a cikin WeakReference, wato riƙo mai rauni, magana ta ƙare. Tambayata biyu ce. In mai sharar yana aikinsa, ta ina yoyon ke fitowa? Sannan in WeakReference ne magani, me zai hana mutum ya mayar da duk riƙonsa mai rauni ya huta? Ni a ganina da haka aka gina yaren tun farko, da an rage wa mutane wahala.

Baban_Ummi
Wa alaikumus salam ƙanena. Matsalar tana cikin yadda aka gaya maka aikinsa. Mai kwashe shara bai san abin da ka gama amfani da shi ba, ba shi da hanyar sanin zuciyarka. Abin da ya sani kawai shi ne abin da ake iya kaiwa gare shi. Yana farawa daga tushe, wato abubuwan da aka ajiye a static da waɗanda zaruruwan aiki (threads) da ke gudana suke riƙe da su, ya bi riƙo ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ya isa gare shi rayayye ne a wurinsa, wanda bai isa ba shi ne shara. Kamar mai shara ne a kasuwa, buhun da ya gani ɗaure a jikin rumfar wani ba zai taɓa shi ba, ko da ba komai a ciki sai ƙura. Yoyo a Java ke nan: abu ya gama amfani amma wani da ya fi shi tsawon rai yana riƙe da shi.

Ta biyun kuwa, in duk riƙon mai rauni ne, da ka ƙirƙiri abu za a iya kwashe shi kafin ka kai layi na gaba. Riƙo mai rauni ma'anarsa "ina son ganinka in kana nan, amma ba ni ke raya ka ba". Dole a samu wani guda da ke raya shi.

Dan_Maradi
Na goyi bayan Baban_Ummi. Sabon_Mai_Kod, duba ko kana da Handler ko Runnable ko AsyncTask, irin waɗanda ake ba aikin da za a yi daga baya ko a bayan fage, da ka rubuta a cikin Activity ɗin ba tare da static ba. A Java duk ajin ciki wanda ba static ba yana ɗauke da ɓoyayyen riƙo zuwa ajin waje, ba ka ganinsa a kod amma yana nan. Ka aika saƙo mai jinkiri, layin saƙonni ya riƙe saƙon, saƙon ya riƙe Handler, Handler ya riƙe Activity, shi kuma ya riƙe duk abin da ke kan allo har da hotuna. Juya waya kuma rushe Activity yake a gina sabo, sai tsohon ya kasa tafiya. Ka lissafa: hoto mai 1080 sau 1920, kowane ɗigo bait 4, ya haura MB 8 shi kaɗai.

Injiniya_Bauchi
Ƙarin bayani kan na Dan_Maradi. Daga Android 8.0 zuwa sama ɗigogin hoto ba a cikin hif ɗin Java, wato filin memorin da ake ajiye abubuwan Java, suke zama ba, an mayar da su wani memori na wajensa (native), to alamar ciwon takan bambanta tsakanin tsohuwar waya da sabuwa. Kuma 2GB ɗin nan ba naka ba ne. Kowace manhaja tana da iyakar da tsarin ya yanka mata, getMemoryClass zai gaya maka nawa ce a wayar da ke hannunka. Ka duba, za ka ga ba ta kai yadda kake zato ba.

Dan_Maradi
Haka ne Injiniya, na gode da gyara.

Malama_Swift
Ku a Android har kuna da gata. A iOS babu mai bi yana shara ko kaɗan. Ƙidaya ake yi, ARC, wanda Apple ta kawo a 2011 tare da iOS 5. Kowane abu yana da adadin masu riƙe da shi, adadin na komawa sifili a sake shi nan take. Daɗin abin shi ne ka san lokacin da abu zai tafi. Ciwonsa kuma riƙon juna: A ya riƙe B, B ya riƙe A, kowa adadinsa ɗaya, babu mai sauka sifili har a rufe manhajar. Shi ya sa weak a wurinmu ba kwalliya ba ce, abincin yau da kullum ne. Ƙa'idar da muke bi ita ce uwa ta riƙe ɗa da ƙarfi, ɗa ya riƙe uwa da rauni. Delegate, wato wakilin da abu ke kai wa rahoto, kusan kullum weak ne, kuma in closure, wato guntun kod da za a kira daga baya, zai daɗe a ajiye sai mu sa weak self.

Akwai kuma unowned, wanda ni ba na ba sabon shiga shawarar taɓa shi. Weak yana komawa nil in abin ya tafi, ka duba ka wuce. Unowned alkawari ne ka ɗauka cewa abin zai kai ka tsawon rai, in alkawarin ya karye manhajar ta faɗi a wurin.

Sabon_Mai_Kod
Malama, to ashe riƙon junan nan shi ne nawa ciwon? Activity ya riƙe Handler, Handler ya riƙe Activity.

Malama_Swift
A'a ɗan'uwa, kada ka haɗa su. A Java riƙon juna ba komai ba ne. In abubuwa biyu suka rungumi juna amma babu hanyar zuwa wurinsu daga tushe, dukansu za a kwashe. Naka ciwon shi ne wani daga waje, mai dogon rai, yana riƙe da ɗaya daga cikinsu. Yoyon iOS da na Android sunansu ɗaya amma asalinsu daban.

Tsohon_C
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba za ku so ji ba. Wannan duk sakamakon koya wa yara cewa memori ba aikinsu ba ne. Mu da muka fara da malloc da free, kafin ka rubuta layi ɗaya sai ka tambayi kanka waye mai abin nan, wa zai sake shi, yaushe. Mai kwashe shara ya ɗauke muku aikin saki, bai ɗauke muku aikin tunanin mallaka ba, amma an sa kun ɗauka duka biyun sun tafi. Kuma abin ba sabo ba ne. John McCarthy ya kawo shi don Lisp tun wajen 1959, George Collins ya kawo ƙidayar masu riƙo a 1960, kuma tun zamanin aka gane ƙidaya ba ta iya riƙon juna. Fiye da shekara sittin ke nan ana juya hanyoyi biyun.

Yar_Zazzau_Dev
Baba Tsohon_C, da girmamawa, ban yarda da rabin maganarka ba. Sakin memori da hannu ya haifar da ɓarnar da ta fi yoyo muni, a saki abu sau biyu, ko a ci gaba da amfani da shi bayan an sake shi, kuma ta nan masu kutse ke shiga. Yoyo yana kashe manhaja, wancan yana buɗe wa ɓarawo ƙofa. Ko C++ ɗin ma ai ya sauko, tun C++11 aka shigo da shared_ptr da weak_ptr. Rabin da na yarda da shi shi ne batun mallaka, wannan gaskiya ce.

Tsohon_C
'Yata, ban ce a koma malloc ba, na ce a san abin da ake yi. Tunda kin kawo weak_ptr, ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. In ka ƙirƙiri abu da make_shared, abin da akwatin ƙidayarsa a dunƙule ɗaya ake yanko musu memori. Masu riƙo da ƙarfi suna ƙarewa za a rushe abin, amma filin da ya zauna ba zai koma ba sai weak_ptr na ƙarshe ya tafi. In abin babba ne, to mai raunin ma yana tsare maka fili. Abin da na fi so a tsarin shi ne ba ka isa ka taɓa abin kai tsaye ba, sai ka kira lock ya ba ka riƙo mai ƙarfi ko ya ba ka wofi. Rust ma haka ya yi da upgrade.

PyGwani
Mu a Python duka biyun muka haɗa. CPython ƙidaya yake yi kamar Swift, sannan tun 2.0 a shekarar 2000 aka ƙara mai bin riƙon juna yana warware shi. Weakref ya zo a 2.1, a 2001. Ga tarkon da ke kama kusan kowa: ka ɗauki riƙo mai rauni na method ɗin wani abu, ka juya ka kira shi, sai ka tarar None. Dalili shi ne duk lokacin da ka ambaci method ta jikin abu, Python sabon ɗan ƙunshi yake haɗawa, babu mai riƙe da shi sai kai mai rauni, nan take ya mutu alhali abin yana nan da ransa. Sai a 3.4 aka kawo WeakMethod don wannan. Kuma ba komai ke karɓar riƙo mai rauni ba. List da dict sai ka gaje su a sabon aji, int da tuple kuwa ko ka gaje su ba su yarda.

Mai_Shayi_Dev
Ni dai hotuna nake sa wa SoftReference, riƙon da ya ɗan fi mai rauni ƙarfi, a ma'ajiyar wucin gadi (cache). Memori na cika tsarin ya zubar da kansa, babu ruwana da lissafi. Sabon_Mai_Kod gwada wannan.

Injiniya_Bauchi
Mai_Shayi, don Allah kar ka ɗora shi a kan wannan hanyar. Takardun Android da kansu sun hana. Tun Android 2.3 mai sharar ya zama mai saurin kwashe Soft da Weak, sai ma'ajiyar taka ta zama fanko lokacin da ake buƙatarta, wayar ta yi ta sake ɗauko hoto tana cin data da batir. LruCache aka tanada, ka yanka masa iyaka da kanka, misalin da suka bayar kashi ɗaya cikin takwas na rabon manhajar, in ya cika ya fitar da wanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba. Ko ka bar wa laburaren ɗauko hotuna irin Glide ko Coil aikin gaba ɗaya. Alkawarin da Java ya yi kan SoftReference guda ɗaya ne tak, za a share su kafin a jefa OutOfMemoryError. Yaushe, da wanne za a fara, wannan ba a hannunka yake ba.

Mai_Shayi_Dev
To amma a saba (server) yana yi min aiki lafiya.

Injiniya_Bauchi
A saba wata magana ce, HotSpot, injin da ke gudanar da Java, yana da lissafinsa na tsawon lokacin da zai bar su gwargwadon filin da ya rage. Ko a can ɗin, sukan cika hif har mai sharar ya yi ta wahala kafin ya zubar. Waya dai ba saba ba ce.

Dan_Tamale
Tunda an shigo batun ma'ajiya, a kula da WeakHashMap, taswirar Java da ke ajiye kowace ƙima a ƙarƙashin mabuɗinta. Mabuɗin ne mai rauni, ƙimar da ƙarfi aka riƙe ta. In ƙimar tana riƙe da mabuɗinta, to taswirar ta riƙe ƙima, ƙima ta riƙe mabuɗi, ba abin da zai taɓa fita. Haka in ka sa rubutaccen String na cikin kod a matsayin mabuɗi, ko ƙaramin Integer daga -128 zuwa 127 wanda Java ke ajiye da su dindindin, zama daram. WeakMap na JavaScript da ya zo a 2015 ba shi da ciwon farkon, don an gina shi a kan abin da ake kira ephemeron, wanda Barry Hayes ya yi bayaninsa a 1997. A can ba a lissafa ƙima a rayayyiya sai an isa ga mabuɗin ta wata hanyar daban. ConditionalWeakTable na .NET ma haka yake.

Yar_Zazzau_Dev
Dan_Tamale ya tuna min. JavaScript ya daɗe yana ƙin ba mutane riƙo mai rauni na kai tsaye, sai 2021 WeakRef da FinalizationRegistry suka shigo, kuma waɗanda suka tsara su da bakinsu suka ce a guje su in da hali. Dalilinsu shi ne kod ɗinka ya fara dogara da lokacin da mai sharar ya ga dama, wanda ya bambanta daga burauza zuwa burauza. Shi ya sa ma ba a bari ka zagaya cikin WeakMap ka ƙirga abin da ke ciki. Go kuwa sai a 1.24, a 2025, ya kawo nasa. In masu gina yare suna jan ƙafa haka, bai kamata mu mu riƙa watsa shi ko'ina ba.

Abu_Hanifa_Net
Ina bin muhawarar nan, Allah ya ƙara ilimi. Tambaya ta gefe: finalize fa, method ɗin da Java ke kira kafin a kwashe abu? Ba za a iya sa shi ya rufe fayil in an kwashe abu ba?

Baban_Ummi
Abu_Hanifa, ka bar finalize. Tun Java 9 aka ce a daina, a Java 18 aka sa masa alamar cirewa. Babu tabbacin yaushe zai gudana, ko ma zai gudana. Fayil da haɗin rumbun bayanai da hannunka za ka rufe su, da try-with-resources ko use a Kotlin. Cleaner yana nan a matsayin kariyar ƙarshe, ba hanyar farko ba.

Mu koma kan mai tambaya, don mun yi nisa. Ƙanena, kafin ka naɗe komai a WeakReference, sa LeakCanary, kayan aikin gano yoyo, a ginin gwaji. Square ne suka fitar da shi a 2015. Abin sha'awa, shi kansa da riƙo mai rauni yake aiki. Activity na rushewa sai ya riƙe shi da rauni, ya jira daƙiƙa 5, ya tayar da mai sharar, ya duba. In har yanzu abin yana nan, to wani ne ke riƙe da shi, sai ya zana maka sarƙar tun daga tushe. Wannan shi ne aikin da ya dace da riƙo mai rauni, sa ido ba tare da rayawa ba. Kawo mana sarƙar.

Sabon_Mai_Kod
Na sa, Yaya. Ba Handler ba ne. Akwai aji guda tilo mai kula da aika ciniki zuwa saba, yana raye muddin manhajar na raye, kuma yana da jerin masu sauraro. Kowane Activity yana shiga jerin in ya buɗe, ba ya fita. Sarƙar ta nuna tsofaffin shafuka jere a cikinsa. Yanzu hanya biyu nake gani, ko in riƙa cire mai sauraro a onStop, wato lokacin da shafin ya ɓace daga allo, ko in mayar da jerin na WeakReference kamar yadda abokina ya ce. Ta biyun ta fi sauƙi, wuri ɗaya zan gyara.

Baban_Ummi
Ta farko. Ka shiga a onStart, ka fita a onStop. Ka san ranar shiga ka san ranar fita.

Dan_Tamale
Ni a nan zan ɗan saɓa da Baban_Ummi. In kai kaɗai ne mai kod ɗin, gaskiyarsa. Amma in ajin nan laburare ne da wasu za su yi amfani da shi, ba ka da iko da wanda zai manta bai cire ba. Jeri mai rauni kariya ce. Microsoft ma sun tanadi WeakEventManager a WPF, tsarinsu na gina manhajojin Windows, saboda irin wannan ciwon. Ba haramun ba ne.

Malama_Swift
Dan_Tamale, ba haramun ba ne amma tsugune ba ta ƙare ba. In Sabon_Mai_Kod ya sa lambda ko ajin da ba shi da suna a cikin jerin a matsayin mai sauraro, kuma bai ajiye shi a wani wuri a cikin Activity ba, jerin mai rauni ne kaɗai zai riƙe shi. Mai sharar na wucewa ya tafi da shi, shafin yana buɗe amma ya daina jin komai. Babu faɗuwa, babu saƙon kuskure, kawai allo ya ƙi sabuntawa, wani lokaci bayan minti ɗaya, wani lokaci bayan awa. Irin wanda PyGwani ya faɗa ne a wata riga. An gudu ba a tsira ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren. Tsakanin rushewar Activity da zuwan mai sharar, get zai ci gaba da ba ka mataccen shafin. Ka kira shi ya nuna akwatin saƙo, manhajar ta faɗi. Ba null ba ne, amma kuma ba rayayye ba ne.

Dan_Tamale
Na yarda da na biyun, shi ya sa ake duba isDestroyed. Na farkon kuwa takarda ce, ka rubuta a bayanin laburaren cewa mai kira ya riƙe mai sauraronsa. Har yanzu ina ganin yoyon da zai kashe manhaja a hannun mai shago ya fi allon da bai sabunta ba muni.

Yar_Zazzau_Dev
Wannan ya danganta da abin da ke cikin saƙon. Sabon_Mai_Kod, me mai sauraron yake yi in saba ta amsa? In sabunta allo ne kawai, da sauƙi. Amma in a cikinsa ne ake rubuta cewa cinikin ya shiga, to duk hanyoyin biyu suna da haɗari. Mai shago ya sayar da buhun sukari, ya juya waya ko kira ya shigo, amsar ta dawo ba ta tarar da kowa ba. Manhajar ta ɗauka ba a aika ba ta sake aikawa, lissafi ya nuna buhu biyu. A inda netwok ke zuwa yana ɗaukewa, amsar takan yi jinkiri sosai, to wannan ba abu ne mai wuyar faruwa ba. Kuɗin mutane ne.

Sabon_Mai_Kod
A cikinsa ake rubutawa, Anti. Yana sa alamar "an aika" a rumbun bayanai sannan ya sabunta allo.

Yar_Zazzau_Dev
To raba su. Rubutawa a rumbu ta koma cikin ajin mai aikawa, ko ka ba WorkManager, mai gudanar da ayyukan bayan fage na Android, aikin don ya jure ko an rufe manhajar. Allon kuma ya saurari rumbun ta ViewModel, ajin da ke riƙe wa shafi bayanansa, wanda juya waya ba ya rushe shi. LiveData, wanda ke sanar da shafi in bayanai sun canza, da kansa yake cire mai kallo in shafi ya rushe. Sharaɗi ɗaya, kada ViewModel ɗin ya riƙe Activity ko wani View, in ba haka ba ka dawo inda ka fito.

Tsohon_C
Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Aikin aika ciniki ya fi shafi tsawon rai, to bai kamata sakamakonsa ya rataya a wuyan shafi ba.

Dan_Tamale
A wannan shari'ar na sakar muku, tunda kuɗi ne. Amma ban janye ba kan laburare. Ina da jeri mai rauni a wani aikin taswira da nake kula da shi, masu amfani da shi suna da yawa, kuma ba zan iya bin kowa in ce ya cire mai sauraronsa ba. Abin da nake yi shi ne ina haɗa shi da ReferenceQueue, layin da ake jefa riƙon da aka kwashe abinsa, duk wanda aka kwashe ba tare da an cire shi da hannu ba sai in rubuta gargaɗi a log, mai kod ɗin ya gani ya gyara.

Baban_Ummi
Wannan dabarar ta gargaɗi ta yi min, Dan_Tamale. Kana share matattun WeakReference ɗin daga jerin kuwa? Su ma abubuwa ne, in an bar su taruwa suke.

Dan_Tamale
Ina sharewa, duk lokacin da aka ƙara sabo sai in zazzage layin tukuna. WeakHashMap ma haka yake yi a cikinsa.

Injiniya_Bauchi
Sabon_Mai_Kod, in ka gama gyaran, kunna "Don't keep activities" a zaɓin masu gina manhaja, ka rage ƙarfin netwok, sannan ka shigar da ciniki ka fita kafin amsa ta dawo. Ka kuma sa wa kowane ciniki lambarsa ta musamman tun daga waya, don ko an aika sau biyu saba ta gane ɗaya ne. Shin sabar taku tana duba wannan, ko sai an gyara can ma?

Sabon_Mai_Kod
Ba ta dubawa, Injiniya. Zan yi magana da mai kula da ita gobe in Allah ya kai mu. PyGwani, da Django na Python aka rubuta ta, zan neme ka a gefe.